SABUWAR WAYA DA KUNNEN DA AKA TAƁA RANAR BAFTISMA



A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo ikilisiyoyinmu wadda iyayenmu ba su san ta ba. Bayan an tashi daga Mas ranar Lahadi, cikin masu kawo rosari da gicciye da ruwa domin a sa musu albarka, sai ka ga saurayi ko budurwa, wani lokaci ma dattijo, ya miƙo sabuwar waya tana ƙyalli, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Mukan sa albarka da farin ciki, gama Ikilisiya ta daɗe tana roƙon albarkar Allah bisa kayan aikin ɗan Adam, tun daga fartanya har zuwa mota. Sai dai kafin wayar nan ta iso hannun firist, ta riga ta bi ta wani hannu. A shagon da aka saye ta, ko a titin Ahmadu Bello ne, ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko a Kasuwar Kawo, yaron shago ya riga ya tambayi mai ita, "Me za a zuba maka?" Cikin minti goma an cika ta da waƙoƙi ɗaruruwa da manhajoji iri-iri, sau da yawa kuwa mai wayar bai zaɓi ko ɗaya ba. Abin da aka zuba ran nan shi ne zai zauna a kunnensa safe da yamma, a cikin Keke Napep, a wurin aiki, a kan gado, har wayar ta tsufa. Saboda haka muka ga ya dace mu tattauna a kan abin da muke saurara a kwanakin nan, da abin da ya cancanci Kirista ya ajiye cikin sabuwar wayarsa.

Bari mu fara da tuna wa kanmu darajar kunne. A cikin tsarin baftismar jarirai akwai wani ɗan ƙaramin aiki da mutane da dama ba su kula da shi, domin a lokacin hankali ya koma kan ɗaukar hoto. Firist yakan taɓa kunnuwan yaro da bakinsa da yatsa, yana roƙon Ubangiji ya buɗe su domin yaron ya karɓi Maganar Allah, ya kuma shaida bangaskiyarsa. Wannan ya samo asali ne daga abin da Yesu ya yi wa kurman nan mai i'ina a sura ta 7 ta Bisharar Markus. Manzo Bulus kuma ya koya wa Romawa cewa ta hanyar ji ne bangaskiya take samuwa. Ashe kunnen Kirista ƙofa ce da aka keɓe. Ido yana da murfi, in ka ga abin da ba ka so sai ka rufe. Kunne ba shi da murfi, mai shi ne kaɗai maigadinsa.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san yadda sauraro yake a da a garin nan. Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, zamanin Sardauna, kuma shekaru da yawa akwatin rediyo guda ɗaya ne yake ciyar da kunnen gida duka, har da maƙwabta. In Mamman Shata ya ɗauko amshi, ko Ɗan Maraya Jos ya kaɗa kuntiginsa yana ba da labarin karen mota, uba yana ji, uwa tana ji, yara suna ji. In wata kalma ta fito wadda ba ta dace ba, kowa ya ji ta tare, kuma akwai babba a wurin da zai yi tsaki ko ya murɗa akwatin. Daga baya kaset ya zo, aka riƙa sayen na ƙungiyoyin mawaƙa da na Zumuntar Mata, ana juya shi da biro in ya sarƙe. A 2001 wayar salula ta shigo ƙasar nan, layi kaɗai yana kaiwa naira 20,000, sai masu hali. Ba a daɗe ba memori ya zo, masu tura waƙa suka kafa tebur da kwamfuta a kowace kasuwa. Yanzu kuma ba sai an je wurinsu ba. Manhajar Boomplay, wadda ta fara a Nijeriya a 2015, tana zuwa ne a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kamfani. Ga Audiomack, ga YouTube, ga Spotify wadda ta buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa a watan Fabrairu 2021. Waƙoƙin da mutum ba zai iya gama ji ba ko da zai yi shekarun Metusela suna cikin aljihunsa.

Abu biyu suka canja, kuma su ne ainihin damuwarmu. Na farko, sauraro ya bar tsakar gida ya shige cikin kunnen mutum ɗaya. Yarinya tana wanke-wanke da iyafis a kunne, uwarta tana gefe tana tsintar shinkafa, tsakaninsu bai fi taku uku ba, amma uwar ba ta san ko yabon Allah ake rera wa 'yarta ko batsa ba. Ta kira sau uku ba a amsa ba. Maigadin da muka ce yana murɗa akwati ba shi da sauran aiki, domin ba ya jin kome.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Muna tsammani mu ne muke zaɓen waƙa, alhali kuwa a yawancin lokaci manhaja ce take zaɓa mana. Ga yadda abin yake aiki. Manhajar tana lura da waƙar da ka ji har ƙarshe, da wadda ka tsallake, da wadda ka maimaita, da sa'ar da ka ji ta. Sai ta gwada ka da dubban mutane masu irin halinka, ta kawo maka abin da ya riƙe su. In waƙa ta ƙare ba ta jira ka nema, wata ta riga ta fara. Kamfanin da ya yi ta yana samun kuɗinsa daga talla da kuɗin rajista, don haka ribarsa ita ce ka daɗe a ciki. Ba muna cewa mugaye ne suka yi ta ba, 'yan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa ba ya tambayar ko ka yi addu'ar safe. TikTok kuwa ta ƙara wani abu a kai, ta yanke waƙa ta bar gutsure na daƙiƙa goma sha biyar ko talatin, wanda za ka ji sau hamsin a yini ɗaya a bakin mutane dabam-dabam. Mun ga ƙarfin wannan a 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da aka rufe majami'u da masallatai a jihar nan daga ƙarshen Maris, muka yi Ista ba taron jama'a. A watannin nan ne waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game Arewa ta hanyar gajerun bidiyo, har wanda bai taɓa neman ta ba ya haddace ta. Yaron da ya kasa riƙe Dokoki Goma a ajin katikisma yana iya rera waƙa baiti-baiti ba tuntuɓe. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Abin da aka maimaita masa ne ya zauna.

Kada wani ya ɗauka muna shirin haramta waƙar duniya ne. Ikilisiya ba ta taɓa koyar da haka ba. Waƙar biki, waƙar noma, waƙar da uwa take yi wa jariri, waƙar soyayya mai mutunci tsakanin saurayi da budurwa, duka kyautar Allah ce, Littafi Mai Tsarki kansa yana ɗauke da Waƙar Waƙoƙi. Wanda ya saurari Ɗanƙwairo ko Shata ko Barmani Coge zai koyi Hausar da ba a koyarwa a aji, kuma cikin mawaƙan zamani irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Ali Jita akwai fasaha ta gaske. 'Yan ƙasarmu sun kai kiɗan Nijeriya duniya, Burna Boy ya karɓi kyautar Grammy a 2021, ba abin kunya ba ne mu yi murna. Amma Littafi Mai Tsarki ya nuna mana kiɗa ta fuska fiye da ɗaya. A littafin Sama'ila na fari, sura 16, Dawuda ya kaɗa garaya, mugun ruhu ya rabu da Sarki Saul, ya sami sauƙi. A littafin Fitowa, sura 32, Musa da Joshuwa suna saukowa daga dutse suka ji hayaniya daga zango. Joshuwa ya zaci yaƙi ne, Musa ya gane waƙa ce, da suka iso kuwa suka tarar ana rawa a gaban ɗan maraƙin zinariya. A littafin Daniyel, sura 3, Sarki Nebukadnezzar bai aika soja gida-gida ba, makaɗa ya tara, ya ba da umarni cewa da zarar an ji kiɗa kowa ya faɗi ya yi sujada ga gunki. Samari uku ne kawai suka ji kiɗan suka tsaya a tsaye.

To, wane gunki ne kiɗan zamaninmu yake kira mu durƙusa masa? Ku zauna ku saurari kalmomin, ku bar gangar tukuna. Za ku tarar waƙoƙi da yawa, na Turanci da na Burokan da na Hausa, suna wa'azi ɗaya: kuɗi ko ta halin ƙaƙa, mace kayan sayarwa ce, ƙwaya da kayan maye su ne hutu, wanda ya damfari wani ya yi wayo. Saurayi yakan ce, "Fada, ni kiɗan kawai nake ji, ba ruwana da maganar." Mukan amsa masa cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya rera abu sau ɗari, ran da jaraba ta zo masa ba za ta zo a matsayin baƙuwa ba. Gwajin da muke ba da shawara mai sauƙi ne: ka cire iyafis, ka faɗi kalmomin waƙar da bakinka, a hankali, ba kiɗa, kamar kana gaban mahaifiyarka. In harshenka ya yi nauyi, ka sami amsa.

Yanzu bari mu juyo gida, gama akwai wata hasara da take faruwa a cikin majami'a kanta, ta hanyar waƙoƙi masu kyau ma. Ba a taɓa yin zamanin da Kirista yake jin waƙar yabo kamar yau ba. Panam Percy Paul, Solomon Lange, Jeremiah Gyang, Sinach, Mercy Chinwo, Nathaniel Bassey wanda ya fara taron yabo na tsakar dare a Instagram a 2017, duk suna cikin wayoyinmu, kuma mutane da yawa sun sami ta'aziyya ta bakinsu a kwanakin baƙin ciki. Muna gode wa Allah saboda su. Amma ku dubi bencina ranar Lahadi. 'Yan kwaya suna rerawa, jama'a sun naɗe hannu suna sauraro kamar masu kallon wasa, waɗansu ma sun ɗaga waya suna ɗauka. Mun saba da muryar da aka gyara a situdiyo har muna jin kunyar tamu. Fafaroma Faransis, a wata ganawa da jama'a a watan Nuwamba 2017, ya nuna baƙin cikinsa a kan yadda yake ganin wayoyi a sama lokacin Mas, ya kuma ce har da firistoci da bishof-bishof a cikin masu yin haka.

Ba haka aka gina Ikilisiyar nan ba. Limaman ƙungiyar SMA sun kafa tashar farko a Shendam a 1907, Kaduna ta zama babban dayosis a 1959, kuma a farkon zamanin da Latin ake rera yawancin Mas. Ranar 4 ga Disamba 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da dokarta a kan sujada, wadda ta buɗe ƙofa ga harsunan jama'a, ta ce a girmama kiɗan gargajiya na al'ummai, ta kuma nace cewa jama'a duka su sa baki cikin sujada. Daga nan ne ganga da tulu da kacau-kacau suka sami wuri a gaban bagade, katikis-katikis da iyayenmu mata suka ɗora kalmomin bangaskiya a kan muryoyin ƙauyukansu. Waɗanda suka halarci Dandalin Murtala ranar 14 ga Fabrairu 1982, sa'ad da Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa firistoci a nan Kaduna zamanin Babban Bishof Peter Jatau, har yau in suna ba da labari sukan ambaci yadda taron ya rera da murya ɗaya. A ranar nan kuma da aka fitar da dokar sujada, Majalisar ta fitar da wata takarda a kan kafofin sadarwa, inda ta kira su abubuwan al'ajabi da basirar ɗan Adam ta ƙago da taimakon Allah, ta kuma ɗora wa mai sauraro nauyin zaɓen abin da zai ji. An rubuta wannan tun ana zamanin rediyo da majigi.

Waliyi Agustin, ɗan Afirka ne kamarmu, Bishof na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Ya ba da labarin yadda ya zub da hawaye da jin waƙoƙin majami'ar Milan a kwanakin baftismarsa a shekara ta 387. Amma shi ɗin ne kuma ya ce yakan ga laifin kansa duk lokacin da daɗin murya ya motsa shi fiye da abin da ake faɗa a cikin waƙar. Wannan ma'auni ne mai kyau ga shugabannin kwaya. Ba kowace waƙar yabo da ta yi tashe a waya ce ta dace da Mas ba. Wata an yi ta domin mawaƙi ɗaya mai murya ta musamman, jama'a ba za su iya bi ba. Wata tana koyar da cewa wanda ya ba da gaskiya ba zai taɓa talauci ko ciwo ba, alhali muna rera ta a gaban gicciye. Wata kuma addu'ar hallaka maƙiya ce daga farko har ƙarshe. Ɗaukaka, da Mai Tsarki, da Ɗan Rago na Allah suna da kalmominsu da Ikilisiya ta tsara, ba a musanya su da wata waƙa don ta yi daɗi. A lokacin Azumi ba a rera Halleluya, ko da ita ce take kan gaba a Boomplay.

Akwai kuma maganar maƙwabta, wadda mu mazauna arewacin kogi muka fi kowa sanin nauyinta. Bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, 'yan'uwanmu da yawa sun ƙetare gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television da Gonin Gora. Mu da muka rage a Malali da Unguwan Rimi da Kawo da Badarawa da Unguwan Dosa muna zaune katanga ɗaya da Musulmi, muna sayen kayan miya a tebur ɗaya. Ba mu manta da harin da aka kai majami'ar Waliyiya Rita a Malali ana cikin Mas ranar 28 ga Oktoba 2012 ba, ba mu kuma manta da maƙwabtan da suka riƙe amana a kwanakin tsoro ba. A irin wannan zama, ƙaramar sifikar nan ta Bluetooth tana iya zama abin sa albarka ko abin tsokana. Wanda ya ƙure waƙar yabo a tsakar gidan haya daidai lokacin da maƙwabcinsa ya tayar da salla, kada ya ce shaida yake yi. In ya ce ai su ma lasifikarsu tana tashe mu da asuba, sai mu tuna masa cewa Ubangiji ya umarce mu mu yi wa mutane abin da muke so su yi mana, bai ce mu jira su fara ba. Haka nan waƙoƙin habaici na siyasa da na ƙabilanci da sukan yawaita duk lokacin zaɓe, da saƙon murya da ake turowa a WhatsApp cewa an ga motoci cike da makamai a unguwa kaza, ba suna, ba rana. Doka ta takwas ta hana shaidar zur, kuma yatsan da ya danna "tura" ya yi shaida. A watan Mayu 2025, 'yan kwanaki bayan zaɓen Fafaroma Leo na 14, an yaɗa wani dogon bidiyo da aka haɗa da na'ura, da fuskarsa da muryarsa, wai yana yi wa shugaban Burkina Faso jawabi, har sai da kafar labarai ta Batikan ta fito ta ƙaryata. In an iya sa wa Fafaroma magana a baki, ta limamin unguwa ko ta fasto ba za ta yi wuya ba.

A taƙaice kuma mu ambaci lafiyar kunnen kansa, gama doka ta biyar ta shafi yadda muke riƙon jikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. In na kusa da kai yana jin abin da yake fita daga iyafis ɗinka, ya yi yawa. Mai tafiya a bakin titi ko mai tuƙa babur da kunnuwa biyu a toshe yana wasa da ransa da na wasu.

To, me za a zuba a sabuwar waya? Littafi Mai Tsarki ne farko. An buga cikakkensa da Hausa tun 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, yau kuwa manhajar YouVersion tana ba da shi kyauta da Hausa, ana iya sauke shi a karanta ba data. Manhajar Bible.is tana da karatunsa da murya, abin da zai amfani tsofaffinmu da idonsu ya raunana da waɗanda ba su yi makaranta ba. Sai dai ku duba da kyau: Littafi Mai Tsarki na Katolika littattafai 73 ne, 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Fassarori da yawa a waya ba su da Tobit, da Yudit, da Hikima, da Sirak, da Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. In ka nemi karatun ranar ka rasa, ba wayarka ce ta lalace ba.

Domin addu'a da karatun kowace rana akwai Laudate, kyauta ce, tana da rosari da Hanyar Gicciye. Akwai iBreviary, wadda wani firist ɗan Italiya, Fada Paolo Padrini, ya ƙirƙiro, mai ɗauke da addu'o'in safe da yamma irin waɗanda firistoci da sistoci suke yi. Akwai Click To Pray, inda ake samun nufin addu'ar Fafaroma na kowane wata, da Vatican News domin jin abin da ya faɗa daga tushe. Universalis da Hallow suna da kyau, amma cikakken amfaninsu sai an biya, kada wanda yake fama da kuɗin makarantar yara ya ga kamar ya rasa wani abu. Yawancin waɗannan da Turanci suke, kuma kalandarsu ta wasu ƙasashe ce in ba a saita ba. Mai yiwuwa ba za su nuna maka Mai Albarka Cyprian Iwene Tansi ranar 20 ga Janairu ba, ko Maryamu Sarauniyar Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Inda waya ta saɓa da sanarwar ikilisiyarku, ku bi ta ikilisiya. Ku kuma sani ba a furta zunubi ta waya. Batikan ta bayyana haka a 2011 sa'ad da wata manhajar binciken zuciya ta fito: tana iya taimakonka ka shirya, amma gafara sai ka zo gaban firist da ƙafarka. Kallon Mas a waya ta'aziyya ce ga marar lafiya da tsoho, mai ƙafafu biyu lafiyayyu kuwa bai cika farillar Lahadi da shi ba. Carlo Acutis, yaron nan ɗan Italiya da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, wanda aka ɗaga zuwa matsayin waliyi ranar 7 ga Satumba 2025, gwanin kwamfuta ne, ya yi amfani da ita wajen tattara labaran al'ajiban Yukaris, duk da haka kullum yana zuwa Mas da kansa.

Na harkar yau da kullum ba sai mun daɗe a kansu ba. Manhajar bankinka ko ta tura kuɗi, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya ga amfaninta. Taswira, da ƙamus, da ta sayen tikitin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Lambar gaggawa 112 ba ta bukatar manhaja. A WhatsApp ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun ranar farko, kada kuma ku karanta wa kowa lambobi shida da aka turo muku, ko da ya ce daga ƙungiyar coci yake kira domin taron addu'a, gama da wannan dabara ake ƙwace layin mutum a roƙi abokansa kuɗi da sunansa. Iyaye da za su ba yaro waya su nemi Family Link ta Google, wadda take ba su ikon ƙayyade lokaci da abin da zai sauke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iri uku kuwa muna roƙonku da babbar murya kada su kwana a wayarku. Manhajar caca, wadda ta cinye kuɗin makaranta da jarin matasa da yawa. Manhajar bashin gaggawa, wadda take kwashe lambobin mutanenka ta aika musu saƙon cin mutunci in ka yi jinkirin biya, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris 2022. Da manhajar da ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, kuma sau da yawa ɗan'uwa ne a ƙungiyar coci yake jawo ɗan'uwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sa'an nan a bar wa shiru wuri. Annabi Iliya a Dutsen Horeb ya ga iska mai ƙarfi, da girgizar ƙasa, da wuta, amma a cikin 'yar siririyar murya ce Ubangiji ya yi masa magana. Wanda yake kwana da waƙa a kunne ya tashi da ita, ko ta yabo ce, yaushe zai ji irin wannan murya, yaushe zai ji lamirinsa? Kowace waya tana da wurin da take nuna sa'o'in da ka yi a kowace manhaja, ku buɗe ku gani, lissafin zai ba ku mamaki. Muna ba iyalai shawara su ajiye wayoyi a wuri ɗaya lokacin cin abincin dare da addu'ar dare, na uba ma har da shi, su kuma rera waƙa ɗaya tare da bakinsu kafin a kwanta. Ubangijinmu da almajiransa sun rera waƙa bayan Jibin Ƙarshe kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Bulus da Sila sun rera a kurkukun Filibi da tsakar dare, ƙafafunsu a turu, sauran 'yan sarƙa suna saurare.

Akwai wata manhaja da take cikin kowace waya tun daga kamfani, ba ta cin data, ba wanda yake tallarta, wato ta naɗar murya. A kowace ikilisiya tamu akwai tsohon katikis ko tsohuwar Zumuntar Mata da take riƙe da waƙoƙin da ba a taɓa bugawa a littafi ba, na Hausa, da na Gbagyi, da na Adara, da na Bajju, da na Atyap, da na sauran harsunanmu, waɗansu an yi su domin jana'iza, waɗansu domin girbi, waɗansu domin koya wa masu shirin baftisma. Ba za ku same su a Spotify ba, kuma duk jana'izar ɗaya daga cikin dattawan nan da muka yi, da waɗansu waƙoƙin muke binnewa. Muna roƙon matasan kowace kwaya, kafin idin Waliyiya Sisiliya mai taimakon mawaƙa ranar 22 ga Nuwamba, su je gidajen dattawan nan bibbiyu, su gaishe su yadda ya kamata, su nemi izini, su naɗi waƙoƙin. A farkon kowace naɗa a faɗi sunan mai rerawa, da garinsu, da lokacin da ake yin waƙar, a kuma rubuta kalmomin a littafi. A ba shugaban kwaya kwafi ɗaya, a kai ɗaya ofishin ikilisiya, sa'an nan a zaɓi guda biyu a koya wa jama'a minti goma kafin Mas ɗin Hausa.